Rabin da Igiya Ta Auna

Yanzu in za a auna fili a Damagaram, sai ka ga mota ta tsaya, wasu mutane sun sauko da wani ƙarfe mai ƙafa uku, ɗaya ya leƙa ta cikinsa kamar mai duban watan azumi, ɗaya ya rubuta, a buga hatimi a miƙa maka takarda. Ba ka taka ko'ina ba, ƙaya ba ta soke ka ba, an ce ga girman filinka. Mu da muka tashi a wani ƙauye can bayan Droum ba mu san wannan ba. Igiyar guga ce alƙalinmu. Rijiyar garinmu gaba goma ce, igiyarta ma gaba goma, kuma kowa ya yarda da ita domin ita ta yi mana kanta a tafin hannu tun muna ƙanana. In gardama ta taso kan gona, sai dattawa su ce a kwanto igiya. Suna cewa igiya ba ta da ɗan'uwa, ba ta da suruki, ba a kai mata goro. Na riƙe wannan magana har furfura ta cika mini kai, kuma in ba don wani maso, wato magini, da na zaga a banza ba, da da ita za a kai ni kushewa.

Mu biyu ne wurin iyayenmu, ni da Yaya Barira. Akwai waɗanda aka haifa tsakaninmu, ba su tsaya ba. Inna ta rasu ban kai yaye ba sosai, saboda haka bayan da na sani na goyo bayan Yaya ne. Ita take ce mini Auta, har yau kuwa da nake da jikoki ba ta canja ba. Abin da nake tunawa na farko a duniya shi ne motsin bayanta tana daka, kaina yana gyaɗawa da kowace saukar taɓarya. A wancan zamani gari ba ya tashi da ƙarar babur. Turmi ne yake tashe shi, daga wannan gida zuwa wancan, wata ta yi luguden taƙama ta jefa taɓarya sama ta yi tafi, wata can ta amsa mata. Sai kukan jakuna, sai ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, sai muryar Baba yana neman hauyarsa da kullum shi ne ya ajiye ta inda ya manta. Yau a unguwar Kara-Kara, cikin birni, inda nake zaune, injin niƙa ne ke gaishe ni da safe, kuma ban taɓa jin wata ta yi masa tafi ba.

Gonakin Baba biyu ne, a manne da juna, layin gamba ne ya raba su. Muna ce musu babba da ƙarama. Duk su biyun kusurwa huɗu ne, tsawo daidai da faɗi, kamar an yanka su da wuƙa, domin kakanmu da ya sare dajin mutum ne mai son abu ya tsaya cak. Babbar tana da tudun yashi a tsakiya da gawo bakwai, in ka tsaya a wannan baki ba ka hango wancan. Baba bai taɓa raba su a noma ba. In ruwan shuka ya sauka, shi yake gaba da sungumi yana sara, Yaya tana bayansa da ƙwaryar iri tana zubawa tana rufewa da diddige, ni ina can baya ina ɓata musu layi. In kaka ta yi, damin babba da damin ƙarama rumbu ɗaya suke shiga. Ba wanda ya taɓa zama ya ce wannan ta ba da kaza, waccan ta ba da kaza. Baba yakan ce wanda ke ƙirga dami a gona shi yake kiran gara.

Shekarar da Baba ya rasu ina saurayi, gemu bai gama fitowa ba, amma na riga na ɗauki kaina namiji. Yaya kuwa ta dawo gida kafin nan da shekara guda, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, mata biyu da namiji ɗaya mai suna Habu. Mijin nata maɗinki ne, bai bar ko taki ɗaya na gona ba. Saboda haka duk abin da za ta samu a gadon Baba, shi ne tuwonta da tuwon marayunta. Bayan sadakar arba'in, Baffa Tanko, ƙanen Baba, ya tara liman da dattawa uku, aka ce a kwanto igiya. Liman ya karanta abin da kowa ya sani, cewa namiji yana da rabon mata biyu. Wato duk abin da na samu, Yaya ta samu rabinsa. Ba wanda ya yi gardama da wannan, har ita.

Ni na riƙe bakin igiya, kuma wannan ne abin da ya fi damuna har yau. Muka bi gefen babbar gona ta gabas, igiya takwas. Muka bi ta kudu, takwas. Muka koma ƙarama, gabas huɗu, kudu huɗu. Baffa Tanko mutum ne mai tsoron Allah da tsoron bakin mutane, sai ya ce a zagaye kowacce gaba ɗaya kada a ce an yi ha'inci. Muka zagaye babba, talatin da biyu. Muka zagaye ƙarama, goma sha shida. Dattawa suka dubi juna suna murmushi.

"Kun ga ikon Allah," in ji Baffa. "Marigayi ya raba muku tun yana da rai. Huɗu rabin takwas ne, sha shida rabin talatin da biyu. Ko gamba ɗaya ba sai an tuge ba. Kai ka ɗauki babba, yayarka ta ɗauki ƙarama."

Liman ya shafa fatiha, aka raba goro. Har labarin ya zagaya ƙauyukan da ke kusa, ana cewa ga rabon gado da aka gama kafin rana ta take tsaka, ba a ɗaga murya ba. An yi shekaru ana ba da misali da mu.

Da damina ta faɗi muka yi shuka, kowa a tasa. Kwana biyu bayan nan ina zaune ƙofar gida ina gyaran ƙotar hauya, Yaya ta zo ta tsaya, ƙwarya a hannunta. Baffa Tanko yana gefe a kan buzunsa.

"Auta," ta ce, "akwai abin da ban gane ba. Ƙwarya ɗaya ta ishe ni shuka, har da ɗan saura. Kai kuwa na ga an kai maka huɗu."

Na yi dariya. Na ce ai mata hannunsu a damƙe yake, ƙwaya uku-uku suke sakawa kamar da kuɗi suka saya, mu kuwa da muka yi gayya samari sun yi ta watsawa. Ta ce ba haka ba ne, ita ta san hannunta. Nan fa zuciyata ta hau, don ni tun ina yaro wutar kara ce. Na ce to liman ne ya yi ƙarya ko Baffa, ko kuwa igiyar ce aka ba toshiya? Na ce in gonar ta yi mata kaɗan ta fito fili ta faɗa, ba sai ta biyo ta ƙwarya ba. Baffa ya ɗaga hannu ya ce, "Barira, igiya ta riga ta yi magana gaban shaidu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ki riƙe girmanki." Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar, ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri." Ta juya ta shiga gida, kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

Daga nan shekaru suka yi ta tafiya yadda suka saba. In damina ta yi kyau nakan ɗaure dami sittin ko fiye, ita ta ɗaure goma sha biyar, wani lokaci sha shida. Da an bi lissafin liman, talatin ya kamata a gani a wajenta. Mutane suka ga giɓin, amma ba su tambayi igiya ba, sai suka tambayi Yaya. Wasu suka ce noman mace ke nan. Wasu suka ce ba ta kai taki. Wata tsohuwa mai baƙin baki ta ce akwai hannun da ba ya tara abu, dubi ma yadda miji bai daɗe mata ba. Ni kaina na sha tsayawa bakin gamba ina yi mata wa'azin noma, ina nuna mata yadda ake cire ciyawa, ita da ta koya mini riƙon hauya. Alhali gonarta ta fi tawa tsafta, ko makaho ya shafa ya sani.

Hatsinta ba ya kai ta bazara. Saboda haka kowace kaka nakan ware dami biyar in ɗora wa jaki in kai mata. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in faɗa duka: akwai hanyar bayan gari da ta fi kusa, amma ni ta ƙofar masallaci nake bi, bayan la'asar, lokacin da dattawa ke zaune. Sai in ji ana cewa, "Allah ya yi maka albarka, zumunta a ƙafa take." In na isa, Yaya ta fito ta durƙusa har ƙasa, matar da ta goya ni, ta ce, "An gode, Auta. Allah ya ƙara buɗi." Ta sa 'ya'yanta su ma su durƙusa. Ni kuwa in ce ba komai, in juya ina jin kaina kamar wani sarkin noma. Yara a dandali sukan tsokani Habu su ce masa ɗan dami biyar. Da ya zama saurayi ya dubi gonar uwarsa ya ga ba ta ɗaukar aure, ba ta ɗaukar iyali, sai ya bi motar arewa neman aiki. Saƙonsa ya zo sau biyu daga Agadas, sau ɗaya daga gaba da can, daga nan shiru. Ranar da zai tafi na ce masa samarin yanzu ba sa son wahala.

Da ƙarfi ya ƙare, ɗana Lawali ya ɗauko ni ya kawo ni birni, gonar na bar wa wani ɗan'uwa yana nomawa ana aiko mini da rabona. Yaya tana can ƙauye wurin babbar 'yarta. Bara Lawali ya ƙara gini a gidan, ɗaki ɗaya nawa da kuma salo na baƙi, ya ce za a shimfiɗa karo a ƙasa, irin falankin nan mai santsi da ke sa tsoho tafiya kamar hawainiya. Ya kawo maso, wani mutum mai suna Isufu, dattijo ne shi ma, ba ya da yawan magana. Da yake Lawali yana wurin aiki, ni aka bar wa sa ido, kuma ba abin da tsoho mara aiki yake so kamar a ce ya sa ido. Isufu ya ja metir ɗinsa ya auna ɗakina, uku ta nan, uku ta nan. Ya auna salo, shida da shida. Ya ce ɗakina zai ci karo kwali tara, salo kuwa talatin da shida.

Na ce ya sake faɗa. Ya sake faɗa. Na ce, "Malam Isufu, ban yi karatun lekol ba, amma ban zo birni don a yi mini wayo ba. Shida ninkin uku ne. In ɗakina tara ne, salo sha takwas ne. Sauran sha takwas ɗin gidan wa za su?" Har na ƙara da cewa na san irinsu, a rubuta kaya da yawa, a kwashe saura a kai kasuwa. Na faɗa da ƙarfi, matar Lawali tana ji daga madafa.

Mutumin nan bai yi fushi ba, kuma da ya yi fushi da ya fi mini sauƙi. Ya buɗe kwali ya ɗauko karo ɗaya ya ajiye a kan yashi gabana.

"Baba, wannan ɗakinka ne. Gefensa ɗaya ta nan, ɗaya ta nan. To ga kwali, ka yi mini salo da hannunka. Gefe biyu ta nan, biyu ta nan."

Na ɗauko ɗaya na jera kusa da na farko, na ce ga shi, biyu. Ya ce in duba da kyau. Na duba, sai na ga tsawo ya zama biyu amma faɗi yana nan ɗaya, abu ya yi dogo kamar tabarmar salla. Na ɗauko na uku na sa a sama, sai ga gurbi a kusurwa yana kallona. Na ɗauko na huɗu na cike. Isufu ya ce, "Nawa ke nan?" Na ce huɗu. Ya ce, "In ka ninka gefe, Baba, ba tsawo kaɗai ka ninka ba, har da faɗi. Ninki biyu sau biyu. Cikin ya zama huɗu. In ka yi gefe uku, tara za ka jera. Igiya bakin abu take aunawa, mu kuwa ciki muke shimfiɗawa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Karo huɗu ne a gabana, amma ni ƙwarya huɗu nake gani, da Yaya tsaye ƙofar gida da tata guda ɗaya a hannu. Na ji kamar an buga mini taɓarya a ƙeya. Isufu ya ɗauka ciwo ne ya kama ni, ya kira matar Lawali ta kawo ruwa. Na ce masa da muryar da ban san tawa ba ce, "In gona tana da igiya takwas kowane gefe, wata kuma tana da huɗu, ƙaramar rabin babbar ce?" Ya zana a yashi da yatsa, ya ce, "A'a. In ka yanka su gida-gida kamar karo, babbar gida sittin da huɗu za ta ba ka, ƙaramar sha shida. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan." Na yi salati, na sake yin salati. A rayuwata na ga mutuwa, na ga fari, na ga shekarar da muka ci ganye, amma ban taɓa kaɗuwa irin ta wannan hantsi ba. Mutum biyar masu salla, da liman, da fatiha, da goro, muka taru da rana tsaka muka tauye marayu, kowa ya koma gida yana jin ya yi aikin lada. An ce rashin sani ya fi dare duhu, to mu namu duhun har shaidu muka kira masa.

Na ba Isufu haƙuri, ya ce ba komai, ya saba. Da Lawali ya dawo na faɗa masa, ya ɗauki takarda ya yi lissafi. Ya ce in aka haɗa gonakin biyu aka raba yadda liman ya karanta, sai an yanko daga tawa tsiri mai tsawon igiya takwas da faɗin igiya ɗaya da sulusi a ƙara wa Yaya. Na tambaye shi wannan tsirin dami nawa zai bayar. Ya ce in babbar tana ba da sittin, to goma. Goma nata ne, nake kai mata biyar a kan jaki, ta ƙofar masallaci, tana durƙusawa.

Washegari ni da Lawali muka kama hanyar Droum. Ƙauyenmu ya canja, rijiyar an rufe ta da faifan siminti, famfo ake bugawa, igiyar kuwa ba wanda ya san inda ta ƙare. Baffa Tanko da liman da dattawan nan uku duk sun riga mu gidan gaskiya. Na sami Yaya a inuwar zaure tana ɓarar gyaɗa, idonta ya yi rauni amma hannunta yana nan da saurinsa. Ta ji muryata ta ce, "Auta, lafiya, ba salla ba, ba suna ba?" Na zauna a ƙasa gabanta. Na ɗebi ƙwayar gyaɗa huɗu zan jera mata yadda Isufu ya jera mini, na fara kame-kame, ina cewa gefe da ciki, ina cewa tsawo da faɗi. Ta bar ni na yi ta fama, sannan ta ce:

"Huɗu ce."

Na ce, "Na'am?"

"Gonarka huɗun tawa ce. Tun Baba yana da rai ni ke zuba iri a duka biyun. Ƙarama wuni ɗaya, babba wuni huɗu. Bayana ya sani, diddigena ya sani. Ido ba mudu ba ne, Auta, amma ya san ƙima."

Wannan ta fi ta jiya dukana. Na zo da labari a guje kamar wanda ya ga wata, ashe mai gidan ta yi shekara arba'in da wani abu tana kallonsa. Na ce, "Yaya, kin sani, kika yi shiru?"

"Na faɗa sau ɗaya."

"Me ya hana ki sake faɗa? Ki je wurin mai gari, ki je wurin alƙali?"

"In ce musu me? Ni ƙwarya gare ni, ku igiya gare ku da liman. Ban san yadda ake faɗinsa ya zama magana ba, na dai san ba daidai ba ne. Kuma in kai ka ƙara, kai da na goya? Sai na ce wataƙila wata rana ka shuka ƙaramar da hannunka ka gane." Ta ɓare gyaɗa ɗaya ta jefa a ƙwarya. "Tun da aka raba ba ka taɓa shiga cikinta ba. Kullum a bakin gamba kake tsayawa."

Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na ce ta yafe mini, na ce za a tuge gamba a matsar, kuma ba igiya ɗaya da sulusi ba, biyu cur zan ba ta, ko uku, saboda shekarun da suka wuce. Ta girgiza kai. Ta ce a auna abin da yake nata daidai, kada a ƙara ko taki, ta ci kyauta ta ƙoshi. Ta ce yafiya ta yafe tun tuni, don ba ta son a tsayar da ɗan Innarta gobe kiyama a kan yashi. Na ɗauka ta gama, sai ta ture ƙwaryar gyaɗar gefe.

"Abu ɗaya nake so," ta ce. "Hatsin da aka ci an ci. Amma Habu ya bar garin nan ana ce masa ɗan dami biyar. In yana raye, in ba ya raye, ina so a cire masa wannan suna. Ka je inda kake bi da jakinka, ka faɗa musu ba kyauta ba ce."

Bayan la'asar na tsaya ƙofar masallaci. Yawancin waɗanda ke zaune 'ya'yan waɗanda suka sa mini albarka ne, wasu ma su ne yaran dandalin da suka raɗa wa Habu sunan, yanzu da furfurarsu. Na sa Lawali ya jera tubali huɗu a ƙasa, na faɗi abin da ya faru tun daga igiya har zuwa jaki. Na ce duk damin da suka ga na kai, nata ne na mayar mata da rabi na riƙe rabi, kuma duk godiyar da ta yi mini bashinta ne a wuyana. Can wani tsoho da ke jingine da bango ya dafa sandarsa ya ce, "Inna lillahi. To mu ma da igiya aka raba mana." Na ga mutum biyu sun dubi juna, sun sunkuyar da kai. Ban san gida nawa na hana barci a garin nan ba, kuma ban tsaya tambaya ba.

Kafin ruwa ya sauka aka zo da metir aka auna tsirin, aka tuge gamba aka dasa a sabon wuri. Jikokin Yaya suka shuka shi. An ce ranar shuka ta sa aka kai ta a amalanke, ta karɓi ƙwaryar iri ta zuba rami uku da hannunta, ta rufe da diddige, ta ce a mayar da ita gida. Har yau ba labarin Habu.

Ni kuwa ina nan Kara-Kara, a ɗaki mai kwali tara. Nakan zauna in ƙirga karo daga bango zuwa bango, ta nan da ta nan, in rasa yadda aka yi abu yana shimfiɗe a ƙasa haka mutum ya yi shekara saba'in yana taka shi bai gani ba. Jikokina da ke lekol sun ce wannan ai karatun 'yan aji uku ne, har waƙarsa suke yi.

Da kaka ta yi, wata rana da hantsi, mota ta tsaya ƙofar gida, direban ya sauke dami ɗaya na hatsi, zangarniya dogaye, an ɗaure shi da kyau irin ɗaurin gidanmu. Ya ce daga ƙauye ne, daga sabon tsirin, tsohuwa ta ce a kawo wa Auta. Na ce ba wani saƙo? Ya ce akwai, har sau biyu ta maimaita masa don kada ya manta.

"Ta ce a faɗa maka, wannan kyauta ce."

Gwiwoyina sun daɗe da daina lanƙwasawa, ko salla a zaune nake yi. Amma na dafa bango na sauka har ƙasa, gaban direba da maƙwabta da masu wucewa, na ce ya koma ya ce mata an gode.